Dandalin Karatu a Ofishin Hedimasta: Ko Makarantun Herwagana Su Girka Nasu?

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta jingine fensir da takarda, ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. A farkon 2024 WAEC ma ta bi sahu, ta fara da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. A Herwagana da ke cikin garin Gombe, kamar yadda yake a Bolari da Jekadafari da Kumbiya-Kumbiya, wannan na nufin duk yaron da ke son wuce sakandare sai ya zauna gaban kwamfuta wata rana, ya saba da ita ko bai saba ba. Akwai yaran da ranar jarrabawar gwaji ce ranarsu ta farko ta riƙe linzamin kwamfuta. Shi ya sa masu makarantun kuɗi, da shugabannin Islamiyyu, da malaman da ke ba da lesin da yamma, suka shiga neman yadda za su zaunar da ɗalibansu gaban na'ura tun kafin ranar ta zo.

Hanyoyi biyu ne ake ja-in-ja a kansu. Ta farko, makaranta ta yi hayar wuri a intanet, ko ta shiga wani dandalin karatu da ke can tuni, kowane ɗalibi ya sa data ya hau. Ta biyu, makaranta ta samu kwamfuta guda, ko da tsohuwar laftof ce, ta girka manhajar dandalin a cikinta, ta haɗa ta da na'urar rarraba waifai, sai wayoyi da kwamfutocin da ke cikin harabar makarantar su riƙa shiga cikinta ba tare da an taɓa intanet ba. Wannan kwamfutar da ke ɗauke da darussa tana raba wa sauran ita ake kira saba. Ɗalibi zai buɗe burauza a wayarsa, ya rubuta lambar adireshin sabar, ya sa sunansa da kalmar sirrinsa, sai ga darasi, ga bidiyo, ga tambayoyin gwaji, ga makinsa nan take. Kamfanin waya bai ci ko kwabo ba.

Manhajojin da ake yin wannan da su kyauta ne, kuma ba sababbi ba ne. Wadda ta fi shahara ita ce Moodle, da wani ɗan Ostareliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar a watan Agustan 2002. Shi kansa a hamadar yammacin ƙasarsu ya tashi, ta rediyo ya yi karatun firamare, malamansa na can ɗaruruwan kilomita daga inda yake. Akwai kuma Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ta fitar a 2017, da ma tun daga tushe an gina ta ne don wuraren da babu intanet. Akwai Kiwix da ke ɗauko Wikipedia sukutum ta zuba a kwamfuta ɗaya. Tunanin ma ba baƙo ba ne a wannan yanki namu. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda buɗe shafi ɗaya a intanet ke cin ran mutum, ya koma gida suka ƙirƙiri eGranary: babban faifai cike da littattafai da shafuka, a kawo shi jami'a a jona da sabarta. Daga nan Jos aka samo matsalar da ta haifi wannan dabara, Jos ɗin da kamfanin rarraba wutarta, JED, ke ba Gombe lantarki har yau.

Hujjar farko ta masu cewa a girka a gida ita ce kuɗi, kuma lissafinsu ba ya buƙatar digiri. A ɗauka malamin lissafi yana da bidiyo mai nauyin megabait 100, yana son ɗalibai 50 su kalla. Idan a intanet bidiyon yake, kowane yaro zai sauke nasa, an ƙone gigabait 5 ke nan a kan darasi guda, kuma daga aljihun iyaye. Idan a sabar makaranta yake, sau ɗaya za a sauke shi, ko ma a kawo shi a filashi, yara 50 su kalla bana, wasu 50 su kalla baɗi. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Uban da ke da yara biyar a makaranta, yana fama da kuɗin zango da kuɗin Keke Napep, in aka ce masa ya ƙara da kuɗin data duk mako, amsar da zai bayar sananniya ce: "Malam, a bar su su karanta littafi kawai." Hayar wuri a intanet kuwa sau da yawa da kuɗin waje ake biya. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ta ƙulla hayar shekara-shekara a wancan lokaci ta wayi gari kuɗin ya ninka uku ba tare da an ƙara mata komai ba. Kayan aro, in ji masu wannan ra'ayi, ba ya rufe katara.

Hujjarsu ta biyu ita ce intanet ɗin kanta ba abin jingina ba ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da shafuka suka yi ta wahala kwana da kwanaki. A watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Allah ya kiyaye Gombe da irin wannan, amma ko a rana ta lafiya kowa ya san abin da ake nufi da "netwok ba kyau". Malamin da ya tsara gwajin minti arba'in, ya ga minti ashirin sun tafi a jiran shafi ya buɗe, gobe ba zai sake ba, zai koma kan alli. Sabar gida ba ta san wannan ba. Tsakaninta da wayar ɗalibi bango ɗaya ne ko biyu. Abin da ya fi ƙarfafa wannan ɓangare ma shi ne ita kanta jarrabawar JAMB haka ake yin ta. A kowace cibiya akwai saba a cikin ginin, kwamfutocin ɗalibai na jone da ita ta waya, daga cikinta tambayoyi ke fitowa. Yaron da ya saba amsa tambayoyi daga sabar makarantarsu, da agogo yana ƙirga masa lokaci a gefen allo, ya riga ya ɗanɗani yanayin da zai tarar.

Akwai wata hujja da iyayen Herwagana za su fi saurin kamawa fiye da masana kwamfuta. Yawancin iyaye ba sa son a miƙa wa yaro, balle yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, waya mai data a ce ta je ta yi karatu. Sun san inda karatun zai ƙare: TikTok da hirar dare. Ba ƙauyanci ba ne, sun ga abin da ya faru a gidajen maƙwabta. Sabar da ba ta jone da intanet ba ta da ƙofar fita. Abin da malamai suka zuba a ciki shi kaɗai yaro zai gani. Makarantar Islamiyya za ta iya zuba karatun alarammomi da darussan tajwidi da fiƙihu na malamanta, ta san babu tallan caca da zai faɗo a tsakiya. Sunayen yara da makinsu da hotunansu ma suna nan cikin gida. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan yara nauyin neman yardar iyayensu da tsare bayanan, kuma ya fi sauƙi ka tsare abin da ke cikin ɗakinka fiye da abin da ba ka san ƙasar da yake ba.

Da an zo nan sai ɗaya ɓangaren su ce: to, wuta fa? A watan Afrilun 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, Gombe da maƙwabtanta na Arewa maso Gabas suka shafe makonni a duhu. A Oktoban shekarar kuma akasarin jihohin Arewa suka yi fiye da mako ba wuta. Ga tashar Dadin Kowa mai megawat 40 a kusa da mu, amma hakan bai sa an daina cewa "an ɗauke" ba. Fetur kuwa tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, kunna janareto ya zama shawarar da sai an zauna an yi lissafi.

A ganina wannan ce mafi raunin hujjojinsu, duk da ita ce aka fi yawan faɗa. Saba ƙarama ba ta cin wuta. Akwai wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, da aka fara sayarwa a 2012, wadda cinta bai kai wat 10 ba. Ko a ce tana cin wat 5 dare da rana, a farashin lantarki na rukunin A na naira 225 kowane kilowat na awa ɗaya da aka sanar a Afrilun 2024, kuɗin wutarta na yini bai kai naira 30 ba. Falle ɗaya na sola da ƙaramin batir sun riƙe ta ita da na'urar waifai. Tsohuwar laftof ma da batirinta a jikinta, in an ɗauke wuta ba za ta mutu nan take ba. Kuma rashin wuta ba ya zaɓe: in ya hana sabar gida aiki, zai hana cajin wayar da za a hau intanet da ita. Abin da ke cin wuta da gaske shi ne ɗakin kwamfutoci talatin da fankoki, kuma wannan nauyi yana kan makaranta ko wace hanya ta bi. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu su ma ana iya musu dabara, a ɗora na'urar a sama, a wuri mai iska, a riƙa kaɗe ta.

Ba a nan gizo yake saƙa ba. Yana saƙa ne a tambayar da ba a cika yi ba ranar bikin buɗewa: wa zai riƙe ta?

Girka Moodle ba irin saukar da WhatsApp ba ne. Tana buƙatar manhajar da ke ba da shafuka, irin Apache, da harshen PHP, da rumbun bayanai irin MariaDB, kuma dole sigar kowanne ta dace da ta sauran. Akwai wani ƙunshi, XAMPP, da ke haɗa su wuri guda a kan Windows, yaro mai kaifin kai zai iya tayar da shi a yini ɗaya yana kallon YouTube. Amma su kansu masu Moodle sun faɗa cewa wannan ƙunshin na gwaji ne, ba a gina shi don a riƙe makaranta da shi ba. Bayan girkawa akwai wani ɗan aiki da ya kamata ya riƙa gudana a bayan fage kowane minti, in ba a saita shi ba abubuwa su yi ta taruwa ba a sani ba. Akwai adireshin sabar da ke iya sauyawa in an kashe na'urar waifai an kunna, sai a wayi gari yara su ce "ba ta hawa", alhali ba abin da ya lalace. Akwai sabuwar siga da ke fitowa sau biyu a shekara, tsofaffin kuma a daina toshe musu ɓaraka. Akwai kwafin ajiya, wanda in ba a yi shi ba, ranar da faifai ya mutu makin zango uku ya tafi da shi. Ga filashin malamai da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta.

Duk wanda ya san makarantunmu ya san yadda labarin ke tafiya. Wani ɗan bautar ƙasa mai himma ya zo, ya haɗa komai, yara suka yi murna, mai makaranta ya ɗauki hoto. Shekara ta cika, ya karɓi takardarsa ya hau mota, kalmar sirrin babban mai kula ta tafi a kansa. Bayan wata biyu abin ya tsaya. Aka kira lambarsa, ba ta shiga. Aka lulluɓe kwamfutar da zane, aka kulle ɗakin, makullin yana wajen wani malamin da aka yi wa canjin wurin aiki. Ba sabon abu ba ne. A 2007 an raba wa yaran firamaren Galadima a Abuja ƙananan laftof na shirin One Laptop per Child, jaridun duniya suka yi ta yaɗawa, ana ta maganar Nijeriya za ta sayi miliyan ɗaya. Maganar ba ta tabbata ba, shirin ma bai yaɗu ba. Kuma kada a ɗauka ƙananan makarantu kaɗai wannan ke kayarwa. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa bayan an gano cewa wani gyaran manhaja bai isa sabobin cibiyoyi 157 a Legas da Kudu maso Gabas yadda ya kamata ba, ɗalibai kusan 380,000 suka sake zana jarrabawa. In hukuma mai injiniyoyi da kasafin biliyoyi za ta yi tuntuɓe a kan sabunta saba, mai makaranta a lungun Herwagana da ke biyan albashi da ƙyar ya kamata ya yi tunani sau biyu. Wanda ya yi hayar wuri a intanet ya sayi wannan ciwon kan ne ya miƙa wa wani. Kuɗin da yake biya ba na banza ba ne.

Masu cewa a hau intanet suna da wata hujja kuma wadda ni ma ba ni da cikakkiyar amsarta. Sabar gida iyakarta katangar makaranta. Waifai ba ya kai wa gidan yaro a bayan kasuwa. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, wasu yaran ba su koma ba sai Oktoba. A irin wannan lokaci, wanda shi ne aka fi buƙatar karatu daga nesa, sabar tana kulle a ofishin hedimasta, ba ta amfani kowa ba. Rediyo da talabijin jihohi da dama suka koma. Yarinyar da aka aurar tana son ci gaba da karatu daga ɗakinta, da ɗan kasuwar da sai bayan isha'i yake samun sarari, su ma sabar makaranta ba ta san da zamansu ba. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, da ke da cibiya a Gombe, ba za ta iya aikinta da saba a ɗaki ɗaya ba, dole sai intanet. Masu goyon bayan sabar gida za su ce manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darussa yana makaranta, ya yi aikin a gida, in ya dawo ta aika da kanta. Gaskiya ne, kuma dabara ce mai kyau. Sai dai ta dogara ga yaro yana da wayar kansa da zai riƙa zuwa da ita, makarantu da yawa kuwa sun haramta waya, kuma suna da dalilinsu. Wayar gidan sau da yawa ta uba ce, tana tare da shi a kasuwa har dare.

Sannan ga maganar yawa. MoodleBox, wato Moodle da wani malami ɗan Siwizalan, Nicolas Martignoni, ya shirya don Raspberry Pi, tana jin daɗi ne da ɗalibai ashirin ko ɗan fiye a lokaci guda. A makarantun gwamnati na cikin garin Gombe ajin da ya wuce hamsin ba abin mamaki ba ne. Sai an ƙara na'urar waifai mai ƙarfi, ko a raba aji gida-gida, kuɗin da aka ce an tsira da shi ya fara zubewa ta wani wajen.

Akwai kuma masu cewa me ya sa za a sake haƙa abin da aka riga aka haƙa? A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandali kyauta mai dubban darussa bisa manhajar karatun ƙasa, har da na Hausa. Starlink ta shigo Nijeriya a Janairun 2023. Intanet na ƙara isa ko'ina, in ji su, nan da 'yan shekaru sabar gida za ta zama tarihi. Wataƙila. Amma yaron da ke aji biyu na babbar sakandare bana ba zai jira 'yan shekarun ba, baɗi zai zana JAMB. Kuɗin na'urar Starlink da na wata-wata kuwa ba na makarantar unguwa ba ne.

Wani abu da ɓangarorin biyu ke tsallakewa shi ne Moodle fanko take zuwa. Ba darasi ko ɗaya a cikinta. Malami ne zai zauna ya buga tambayoyi ɗari biyu na kimiyyar sinadarai, kowace da zaɓi huɗu, ya nuna wadda ke daidai, ya ɗauki bayaninsa a waya ya ɗora. Malamin da ke koyar da aji shida, ya tashi ya wuce wani lesin don cike giɓin albashi, yaushe zai yi wannan, kuma wa zai biya shi? Na fi ganin laifi a nan fiye da a wajen wuta. Mai makaranta zai cire dubban nairori ya sayi na'ura saboda ana ganinta, iyaye su zo su kalla, amma ya ƙi ware ko kaɗan ga malamin da zai cika ta saboda wannan ba ya fitowa a hoto. A nan ne Kolibri ta fi dacewa da mai farawa. Fayil ɗaya ake girkawa, ba haɗa manhaja uku. Tana da tarin darussa da aka riga aka shirya, irin na Khan Academy, da gwaje-gwajen kimiyya na PhET, da littattafan yara na African Storybook waɗanda akwai na Hausa a cikinsu. Fuskar manhajar ma ana iya juya ta zuwa Hausa, har da Fulfulde, abin da ba ƙarami ba ne a Gombe. Aibinta shi ne yawancin darussan da Turancin Amurka suke, ba bisa tsarin WAEC da NECO aka jera su ba, sai malami ya zauna ya tsince waɗanda suka dace. Aikin malami dai bai kau ba, raguwa ya yi.

In an auna duka, ni dai na karkata ga masu cewa a girka, amma ba da sunan da suke kiran abin ba. Ba makarantar intanet ba ce, kuma duk mai makarantar da ya rubuta haka a allon tallansa ya yaudari iyaye. Ɗakin karatu ne da ɗakin gwajin jarrabawa, kuma a wannan matsayi amfaninta ya fi kuɗinta nesa ba kusa ba. Mutanen Gombe sun san tankin ruwa a tsakar gida: ba ya maye gurbin famfo, amma ranar da aka kawo ruwa ka cika shi, ka yi mako kana sha. Sau ɗaya a wata a jona sabar da data, a sauke sababbin darussa da gyare-gyare, a cire. Wanda ke da hali ya hau dandalin intanet daga gida, ba wanda ya hana shi. Wanda ba shi da hali, shi ne mafi yawa, ya samu rabonsa a makaranta.

Matsalar mai riƙewa kuwa tana da magani, in an ɗauke ta a matsayin aiki mai lada ba alfarma ba. Gombe ba ta rasa masu ilimin nan ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha tana nan tun 1977 tana yaye malamai. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011, suna yaye masu digirin kwamfuta duk shekara, da yawansu na zaune a unguwa suna gyaran waya ko suna riƙe da na'urar POS. Garin da ya fitar da Isa Ali Pantami, wanda ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016 ya kuma zama ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023, ba zai ce babu mai iya saita Apache ba. Ɗaliban da ke neman wurin horon aiki na SIWES suna yawo ofis-ofis ana ce musu ba gurbi, alhali ga makarantu na neman mai duba musu na'ura. Makarantu huɗu ko biyar na Herwagana, da suke kusa da juna tafiyar ƙafa, za su iya haɗa kuɗi su ɗauki matashi ɗaya ɗan unguwa, wanda aka san gidansu, ya riƙa zagayawa. Za su iya raba tambayoyin gwaji ma tsakaninsu, tunda manhajar karatunsu ɗaya ce: wannan ta buga na lissafi, waccan ta buga na Turanci, a yi musaya a filashi. Na san kishin da ke tsakanin makarantun kuɗi, kowa na ɓoye nasa kamar sirrin magani, amma tsoffin tambayoyin JAMB ba sirrin kowa ba ne.

Don haka, Alhaji mai makaranta, da Hajiya shugabar Islamiyya, da ku 'yan ƙungiyar iyaye da malamai da za a zo a nemi gudummawarku: kada ku fara da sayen komai. Ku nemo tsohuwar laftof mai lafiya, a girka Kolibri, a gwada da aji ɗaya zango ɗaya. Kafin a kunna ta, a rubuta sunan malamin dindindin da zai riƙe ta da abin da za a riƙa ƙara masa a wata, a rubuta kalmar sirri a takarda a ajiye a ofis, mutum biyu su san inda take, a sa ranar da ake kwafe komai a faifai na dabam duk mako. In zango ya ƙare malamai suna amfani da ita ba tare da an tilasta musu ba, sai a yi maganar Moodle da sola da ƙarin kwamfutoci. In kuwa an rasa wanda zai karɓi riƙon, a bar kuɗin a sayi littattafai, a riƙa kai 'yan ajin ƙarshe cibiyar kwamfuta ta haya suna gwaji kafin jarrabawa.